Yadda Muka Farfasa Maɓallan Soja Sittin

Maɓallan rigunan soja sittin muka farfasa a wuni ɗaya, ni da Baffana, kuma ba a kore mu ba, shekara biyu ma aka ƙara mana. Ƙarshen labarin ke nan. Na fara da shi ne don na san halinku, in rubutu ya wuce layi biyar sai ku ture shi sama da yatsa.

Ni ne Haruna mai wanki, haihuwar unguwar Utaibiyya a Makka, yanzu ina unguwar Shisha wurin 'yata. Da hannuna nake rubuta wannan, ba jika na sa ba. Wata takwas ke nan muna zuwa ajin dattawa bayan la'asar, wani ɗalibi mutumin Katsina yana koya mana rubuta Hausa a waya, kuma jiya ya ce cikin mu goma sha ɗaya na fi kowa sauri. Na ɗaya fa. Alhaji Bala mai cika baki shi ya zo na tara. Ustaz, wato ɗalibin nan, ya ce kowa ya rubuto sana'arsa. Da na faɗa a gida, jikana Faisal ya ce, "Ya jaddi, wanki har wani labari gare shi? Ai danna maɓalli ne kawai, kalas." To, ga labarin maɓalli.

Wandon wani mai sayar da ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, shi ne abu na farko da Baffa Sule ya bari na ɗora wa dutsen guga, bayan na yi shekara biyu a shagonsa ina fifita gawayi. Baffa ƙanin mahaifina ne. Daga Kano ya taso da ƙafa, ta Chadi da Sudan, shekara bakwai a hanya. Ni kuwa a nan aka haife ni, shi ya sa in na yi shirme sai ya ce "ɗan Makka", kuma ba yabo ba ne. Dutsen gugarmu na ƙarfe ne mai murfi, da ɗan zakara a bakinsa wanda ake kulle shi da shi. Biyu ake ajiyewa, ɗaya na aiki ɗaya na ɗaukar zafi. Gawayin itacen samur kawai muke zubawa, shi ba ya tartsatsi. Zafin kuma da kunci ake auna shi, ka kawo dutsen kusa da fuskarka, in ka ji idonka ya ƙifta da kansa ya yi wa farar riga yawa. Ruwa da baki ake fesawa, ya fita kamar hayaƙi. In ɗigo ɗaya ya faɗo, ranƙwashi na biye da shi. Sitaci mu dama shi kamar koko amma ruwa-ruwa. Shuɗin farin kaya kuwa ɗan tsunkule ne, in ka ƙara, mutum ya tafi Harami kamar ya yafa sararin sama. Ba mu iya karatu ba, ni da Baffa duka, saboda haka kowane mai kaya da alamarsa ta zare a cikin wuyan riga. Jan ƙulli ɗaya na mai ful ne. Har yau na tuna.

Matsalar wanki a Makka ita ce mausim. Lokacin Hajji, daga an sauko daga Arfa, harami da riguna su yi tsibi har rufin shago, hannunka ya saɓule. Muharram na wucewa sai ku zauna ku da ƙuda. Shi ya sa da wani mukawil, ya'ani ɗan kwangila, mai kai wa soja abinci a wani tsibiri ya zo neman wanda zai karɓi wankinsu shekara guda cur, ban tsaya dogon tunani ba. A shekarun 1960 ne wannan, ina da ashirin da 'yan kai, ga mata ga goyo. Da sunana aka yi takardar, na dangwala yatsa. Baffa ya ce ba zai bar ɗan Makka ya je ya kunyata shi a bakin teku ba, sai ya saki shagon, wani tela ya karɓe. Ku riƙe wannan da kyau: shago ya tafi. Gida biyu ne suka dogara da wannan takarda, kuma ba wurin komawa.

Kwana uku a bayan babbar mota zuwa Jizan, sannan sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska. Kayanmu dutsen guga biyu, baho huɗu, igiya, buhun gawayi. Sai wasu guduma biyu na itacen kirya, masu nauyi kamar jariri, da Baffa ya naɗe a tsumma. Mabugi ake ce musu. Gadon gidansu a Kano bugu ne, wato a ninke riga a ɗora kan gungume, mutum biyu su yi ta dukanta har ta kwanta tana walƙiya. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi aiki da su ba, ɗaya yana tokare ƙofa, ɗaya matashin kai.

Na ce, "Baffa, waɗannan kuma jirgin za su nutsar?"

Ya ce, "Sun ƙetare wannan tekun kafin a haife ka. Kai ne baƙo."

Sunan tsibirin ba zan faɗa ba. Sun ce kar a faɗa, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce mini an ɗage dokar. Farin dutse ne da gishiri, ba bishiya sai wasu da ke tsaye a cikin ruwa. Ɗakunan kwano guda biyar, tuta, da wata babbar bindiga mai kallon teku wadda ban taɓa jin ta yi tari ba. Soja sittin, da Ka'id shugabansu, da Shawish Mas'ud, ya'ani sajan, mutumin da ke riƙe da makullin sito da makullin ruwa, kuma bai san inda ake ajiye dariya ba. Ɗan kwangila a irin wannan wuri ba soja ba ne, ba baƙo ba ne. Begila ba taka ba ce amma za ta tashe ka. Abinci sai sun gama. Akwai waya mai ƙaya da ba ka ƙetarewa, bayanta ɗakin lasilki yake, ya'ani wayar iska, inda suke magana da Jizan. Wasiƙa tana zuwa da sambuk duk sati biyu, Shawish ne ke karanta mini, da murya ɗaya yake karanta "yarinya ta fara tafiya" da "akuya ta mutu".

Wankin farko da na yi a can na lalata shi tas. Na ga teku shimfiɗe kyauta, na tsoma kaki goma a ciki. Sabulu ya ƙi kumfa, kayan suka ƙi bushewa, da na ɗora dutse sai ga farin zane-zane kamar taswira. Daga ranar na san ruwa uku ne a tsibiri. Na teku don jiƙa bargo kawai. Na rijiya mai ɗan gishiri-gishiri shi ake wanki da shi. Ruwan daɗi kuwa, wanda sambuk ke kawowa a ganga, garwa biyu Shawish ke ba mu a rana, don ɗauraya ta ƙarshe da sitaci da fesawa. In ka kurɓa don fesawa ka haɗiye, ka ci amanar riga ɗaya.

Su kuma masu kayan, rabinsu mutanen sahara ne da ba su taɓa sa wando mai ƙafa biyu a matse ba sai da suka shiga soja. Dabino a aljihu, ƙullin gahawa a aljihu, wani har busasshen kifi. Kaki sittin iri ɗaya, kowane soja riga biyu wando biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wurinmu. Lambobinsu ba ma karantawa, muka koma wa zarenmu. Wata tara ba mu taɓa ba wani rigar wani ba. Abin da soja ke so a duniya shi ne kari, layin nan na guga da ke sauka daga cinya zuwa takalmi. In kari ya tsaya, ko shinkafa ta yi ɗanye ba ya ƙorafi.

Sai iskar kudu ta taso, wadda masu jirgi ke kira azyab. Kowace shekara tana yi, amma ta wannan shekarar ta zauna. Sati biyu ba sambuk, sati uku, sati biyar. Aka rage ruwa, aka rage shinkafa. Ranar nan Shawish ya shigo rumfarmu da soja biyu suka ɗauke ragowar gawayinmu.

Na ce, "Ya Shawish, da me zan yi guga?"

Ya ce, "Gurasa ake ci, ya Hausawi. Ba a cin kari."

Na gwada itacen da teku ke turowa. Gishiri ne a cikinsa, yana tartsatsi kamar ana soya kifi, ya huda wa wani kofur wando a wurin da ba a nunawa. Na bari. Muka ci gaba da wanki ba guga, soja suna yawo a yamutse kamar an kwana a kansu.

Ana cikin haka Ka'id ya aiko a kira ni. Ya ce an yi magana ta lasilki, wani Akid, babban hafsa, zai zo duba sansani ranar Alhamis, da jirgi mai inji wanda iska ba ta hana shi. Ranar Litinin ce muke maganar. Na ce ko jirgin zai taho da gawayi. Ya ce jirgin zai taho da Akid. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, takardata saura wata uku ta ƙare, kuma akwai wani mutumin Jizan da ya daɗe yana neman aikin. In mutanensa suka tsaya gaban Akid a yamutse, jirgin da ya kawo Akid shi zai mayar da mu.

Na koma na faɗa wa Baffa. Ya tashi ya zare mabugi daga ƙarƙashin kansa, ya je ya ɗauko na ƙofa. Akwai wani gungumen tsohon jirgi a bakin ruwa, muka mirgino shi, muka kankare shi da dutse har ya yi santsi.

Ran Talata da safe muka fara da riguna. Baffa ya yayyafa musu ruwan sitaci, ya ninke kowacce gida huɗu, gaba a ciki, baya a waje, yadda ake ninke babbar riga a Kano. Muka zauna muna fuskantar juna, shi ya sauke, ni in sauke, dum, dam, dum, dam. Sau uku na kusa fasa masa yatsa kafin hannuna ya kama. Ƙarar ta cika tsibirin. Shawish ya leƙo ya tambaya ko aure ake yi. Sai ya matso ya duba riga ta farko. Ta kwanta sumul, gefunanta kamar wuƙa, tana ɗaukar ido. Dutsen guga bai taɓa yin haka ba. Ina jin wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin mabugi, na ɗauka sitaci ne ke bushewa. Baffa kuwa kunnensa ya daɗe da yin nauyi, kamar duk wanda ya tashi a gidan bugu.

Kafin magariba sittin sun kammala. Na kai hannu zan warware ɗaya in duba, Baffa ya buge mini hannu.

"Ba a warware bugu sai ranar sawa. Iska ta shiga, aiki ya mutu."

Muka jera su, muka lulluɓe da zanen gado.

Da safe na zo in gusar da jerin daga jikin bango saboda laima. Ina ɗagawa sai na ji wani abu na zuba a ƙasa kamar tsakin shinkafa. Na zura yatsa cikin riga ta sama. Zare kawai na taɓa. Ta biyu, zare. Ta goma, rabin maɓalli, yana lilo.

Abin da ya faru ke nan: babbar rigar Kano ba ta da maɓalli. Baffa bai taɓa bugun abu mai maɓalli ba a rayuwarsa. Ni kuma da na shekara goma ina zagaye maɓalli da hancin dutsen guga, da aka ninke su a ciki sai na manta da su gaba ɗaya.

Baffa ya tsuguna, ya dangwalo garin da yatsa, ya duba.

"Amma fa sun daku," in ji shi.

Na tafi wurin Shawish da garin a tafin hannuna, don ba wata hanya. Ya duba. Ya tambaya, "Nawa?" Na ce duka. Ya ce, "Duka na riga ɗaya?" Na ce duka na sittin. A sito ba maɓalli ko ɗaya. Zai iya tafiya wurin Ka'id a lokacin, shi ke nan namu ya ƙare. Amma gobe shi ne zai tsaya a gaban layin, kuma shi ya kwashe gawayin. Na ga yana wannan lissafin a fuskarsa.

Ya ce, "Kowane soja yana da wata rigar."

Na ce, "Tana jikinsa."

Ya ce, "Yanzu."

Kafin azahar ya tara su, ya ce yau aikin share rijiya ne, kowa ya tuɓe riga kar ta ɓaci. Sojan gwamnati suka wuni da singileti. Mai dafa abinci ya zo ya taya mu, muka yanke maɓallan rigunan nan da reza, na kowa a ƙullinsa, da zaren alamarsa. Tunda yanzu ba su da abin fashewa, muka wanke su, rana ta busar, muka buge su su ma, aka sa a akwatin kowa a ninke. Wanduna kuwa ƙafafun kawai muka buga, muka bar ƙugun yana reto a gefen gungume. Hannuna ya kumbura har na kasa riƙe kofin shayi.

Alhamis, ranar sawa. Ana idar da sallar asuba kowa ya warware rigarsa a kan bargo, Shawish ya raba ƙullin maɓalli, ya ce kowa ya fito da allurarsa. Ku yi tunanin ƙarti sittin a zaune a layi, harshe a waje, suna neman kafar allura. Wani ya ɗinke rigarsa da bargon. Wani ya jera nasa a karkace, Baffa ya sa shi ya sake. Mai gadi ya yi kira ya hango jirgi saura mutum bakwai ba su gama ba. Na ƙarshe a guje ya shiga layi yana cizge zare da haƙori.

Da hantsi Akid ya sauka. Gajere ne, mai furfura a gemu, yana tafiya a hankali. Mu muna leƙe daga bayan rumfa. Rana ta faɗa kan layin nan, kaki ya ɗauki walƙiya kamar shaddar ango. A nan tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin soja mai ƙyalli ba, ban kuma san ko doka ta yarda ba. Akid ya tsaya gaban wani, ya murza hannun rigarsa, ya yi magana. Sai ga soja a guje, wai ana kiran mai wanki.

Na je, Baffa na biye da ni. Akid ya ce an gaya masa ba gawayi a tsibirin nan sati biyu, to da me aka yi wannan? Larabci yarena ne, a cikinsa na tashi, amma tsoro ya sa na ɗauko maganar daga Hausa kai tsaye. Na ce, "Daggenahum, ɗal umrak." Mun buge su, ranka ya daɗe. A Hausa kowa ya san kaya nake nufi. Yadda na faɗe shi da Larabci, mutane ne.

Akid ya dubi layin soja, ya dube ni, ya dubi Baffa da ƙafafunsa kamar sillen kara.

"Duka sittin?"

Na ce, "Duka, ɗal umrak. Ni da Baffana. Kwana biyu muka yi muna yi."

Ya ce, "Kuma suka tsaya?"

Na ce, "Sai da muka ninke su tukuna."

Ka'id ne ya matso ya yi masa bayani a kunne. Akid bai yi dariya ba, gemunsa ne kawai ya motsa. Ya ce mu biyo shi, zai duba ɗakuna.

A ɗaki na farko ya sa aka buɗe akwati. Ga rigar nan a ninke tana sheƙi, ba maɓalli ko ɗaya a cikinta. Ya ɗauko ta, ya kama kafaɗunta zai girgiza. Shawish ya zuba wa rufin kwano ido. Ni na fara tunanin ko telan nan zai yarda ya ba mu ko da bakin ƙofar shago.

Sai Baffa ya taka, ya ɗora tafinsa a kan rigar, a hannun Akid. Da Larabcinsa na Sudan mai karaya ya ce, "La, la, ya waladi." A'a, ɗana. Akid guda.

Akid ya tambaye ni me tsohon yake so. Na ce ya ce ba a warware bugu sai ranar sawa, in iska ta shiga aikin ya mutu, haka ake yi a garinsu tun kakanni. Akid ya juya wurin Shawish.

"Nizam ne?" Ya'ani doka ce?

Shawish, ido na kan rufi, ya ce, "Nizam ne, ɗal umrak."

Soja ba ya wasa da wannan kalmar. Akid ya mayar da rigar cikin akwati da hannu biyu, ya gyara mata zama, ya rufe. Sauran akwatunan daga sama ya duba su.

Kafin ya tafi ya aiko da farar rigarsa ta Juma'a, wai a yi mata irin wancan. Na zauna na cire maɓallanta huɗu ɗaya bayan ɗaya, na zuba a finjali, na ajiye finjalin can nesa da gungume.

Kwana tara bayan haka iska ta kwanta, sambuk ya zo da ruwa da gawayi da wata 'yar jaka cike da maɓalli da Shawish ya karɓa da kansa ya miƙo mini. Da wata uku suka cika Ka'id ya kira ni, takarda na gabansa. Ya ce shekara biyu, kuma ranar fareti bugu yake so, ba guga ba. Ya turo mini tawada. Ina shirin dangwalawa ya ce, yana kallon taga, "A riƙa cire maɓallin tukuna, ya Haruna. Wuni guda na yi ina kallon sojana da singileti suna share rijiyar da aka share wancan watan."

Na dangwala. Wannan babban yatsan ne dai, wanda nake danna muku rubutun nan da shi.

Baffa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, yana maƙabartar Ma'ala. Mabugi ɗaya mun bar wa mai dafa abinci yana daka tafarnuwa, ɗayan yana nan Shisha yana tokare ƙofar baranda. Faisal, shi ne wanda kake tuntuɓe da shi kullum. Gobe ka ɗaga shi da hannu ɗaya sau ɗari, sannan ka zo mu yi maganar danna maɓalli.

Duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, musamman yaran da ke jefa kaya a inji ba su laluba aljihu ba. Wanda ke da lambar Alhaji Bala ya tura masa shi ma. Ba gaggawa, ya karanta a hankali.